Hausawan Niyok, Ku Fito Mu Je Bikin Vision

'Yan uwa mazauna Bronx da Harlem da Brooklyn, iyaye da ƙanne, na Kano da na Damagaram, na zangon Kumasi da na Nima! Yau kira na zo da shi, kuma ba na karo-karon suna ba ne, ba na kuɗin kai gawa gida ba ne. Akwai wani taro da ake yi a garin nan kowace shekara tun 1996, galibi a watan Yuni, a shafe kusan mako guda ana raba dare. Sunansa bikin Vision. Makaɗan jaz na nan-take ne ke haɗuwa, irin waɗanda ke hawa dandamali su ƙera kiɗa a gaban idonka, kiɗan da ba a taɓa yin sa ba kafin daren, ba kuma za a sake yin irinsa ba. Mutane na biyan kuɗin jirgi daga Jamus da Japan don su zo su saurara. Mu da jirgin ƙasa ɗaya zai sauke mu kusa da ƙofa, mu nawa ne muka taɓa leƙawa?

Na san abin da wani zai ce: “Malam, wannan ai hayaniya ce, kowa na busa abin da ya ga dama.” Haka aka ce da Ornette Coleman sa'ad da ya zo garin nan a 1959 ya fara busa saksafon ɗinsa na roba a gidan rawa na Five Spot. Manyan makaɗa suka rabu biyu a kansa, wasu na cewa bai iya ba, wasu na cewa sabon zamani ne ya zo. Bai ja da baya ba. A ƙarshen 1960 ya tara makaɗa takwas, ya raba su gida biyu, huɗu-huɗu, suka yi kiɗa na fiye da rabin awa ba tsayawa, aka fitar da faifan da sunan Free Jazz. Abin da ya yi shi ne ya kwance wa makaɗi dabaibayin da ke tilasta masa bin jerin muryoyin da aka tsara tun farko, ya ce kowa ya bi kunnensa, ya saurari na kusa da shi.

To mu Hausawa, wa zai koya mana wannan? Wanda ya taɓa ganin marigayi Alhaji Mamman Shata a fage ya san yadda baƙo zai shigo ana tsakiyar waƙa, Shata ya ɗaga ido ya gan shi, nan take ya saƙa sunansa da na garinsu cikin baitin da bai taɓa rerawa ba, masu kalangu su matse tsarkiya su bi shi, 'yan amshi su cafe ba tare da an ce musu uffan ba. Ba wanda ya taɓa kiran wannan hayaniya. Mun san shekarun da aka kwashe ana gogewa kafin a kai nan. Kunnen da ya tashi da wannan ya riga ya yi rabin karatun kiɗan da ake yi a Vision.

Bari in gaya muku abin da za ku tarar. Mutum uku ko huɗu za su fito, wasunsu furfura ta cika kai. Mai ganguna zai fara shafa faifan tagulla a hankali. Mai bas, wato ƙaton gogen nan da ke tsaye daidai tsayin mutum, zai ja wata gajerar murya ya yi ta maimaita ta har ta zauna. Mai busa zai tsaya idonsa rufe, bai ce komai ba, yana jira. In ya shigo, wataƙila da nishi zai fara, daga nan ya hau, ya hau, har ƙarfen ya riƙa fitar da murya biyu a lokaci guda, ɗaya na kuka ɗaya na gurnani. Sai ka ga mai ganguna ya kalle shi ya sauya taki, su duka su juya tare, ba wanda ya ɗaga hannu ya ba da umarni. Kiɗa ɗaya kan kai minti arba'in. A gefe kuma mai rawa na iya fitowa, ko marubuci ya karanta waƙarsa a kan kiɗan, domin tun farko bikin ya haɗa makaɗa da masu rawa da mawaƙan baka da masu zane. An shafe shekaru wani mai zane, Jeff Schlanger, na zama a gaban dandamali da takarda da tawada, yana zana kiɗan yayin da ake yin sa.

Su wa suka kafa wannan abu? Mutanen da aka rufe wa ƙofa ne. Masu gidajen rawa sun ce kiɗansu ba ya sayar da abin sha, kamfanonin faifai suka ɗauke kai. Maimakon su zauna suna kuka, sai suka gina nasu. A 1964 Bill Dixon ya shirya kwana huɗu na kiɗa a wani ɗan shagon shan kofi a Manhattan. A 1965 baƙaƙen makaɗa na Shikago, ƙarƙashin jagorancin Muhal Richard Abrams, suka kafa ƙungiyar AACM, wadda har yau tana raye. A shekarun 1970 Sam Rivers da matarsa Beatrice suka mai da gidansu da ke titin Bond wurin kiɗa, wasu ma suka yi haka a tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya, har tsadar haya ta tarwatsa su. Daga wannan zuriya Patricia Nicholson, mai rawa ce, ta fito ta kafa bikin Vision tare da mijinta William Parker, mai bas, haifaffen Bronx ɗin nan da da yawanmu ke kwana. Ƙungiyarsu, Arts for Art, ita ke riƙe da shi har yanzu. Mu da muka san yadda ake haɗa dala goma-goma a kama hayar shago a mai da shi masallaci, mun san nauyin irin wannan aiki.

Ku ji labarin mutum ɗaya. Henry Grimes yana cikin gwanayen bas na zamaninsa, ya yi kiɗa da Sonny Rollins da Cecil Taylor da Albert Ayler. A ƙarshen shekarun 1960 ya tafi Kalifoniya, abubuwa suka cuɗe masa, ya sayar da bas ɗinsa. Fiye da shekara talatin yana zaune a ɗaki ɗaya a Los Angeles, yana aikin ƙarfi da shara, yana rubuta waƙoƙi a littafi, har mutane suka ɗauka ya mutu. A 2002 wani ma'aikacin jin daɗin jama'a mai son kiɗansa ya bi sawu ya gano shi. William Parker ya aika masa da bas ɗinsa guda, mai koren fenti. Dattijon ya zauna ya dawo da yatsunsa, a 2003 ya hau dandamalin Vision, a 2016 bikin ya karrama shi, ya ci gaba da kiɗa a ƙasashe da dama kafin cutar korona ta ɗauke shi a 2020. Kai ɗan uwa mai tuƙin tasi da digirinka a akwati, ke 'yar uwa mai jinyar tsofaffi dare da rana, ba sai an fassara muku wannan labari ba.

Kuma al'adar bikin ke nan: a karrama dattijo yana raye, yana ji yana gani. An yi wa Sam Rivers, an yi wa Milford Graves, makaɗin gangunan Queens da ya shafe shekaru yana naɗar bugun zuciyar mutane yana nazarinsa, an yi wa Charles Gayle da ya daɗe ba muhalli yana busa a titi da tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, an yi wa Amina Claudine Myers mai fiyano, an yi wa Marshall Allen, wanda ya cika shekara 100 a 2024 bai ajiye busa ba. Mu mutane ne masu girmama furfura. Ga furfura nan a dandamali.

Akwai kuma bashin da ke kanmu. A 1981 Yusef Lateef, babban mabushin jaz kuma Musulmi, wanda ya tashi a Detroit, ya bar Amurka ya tare a Zariya. Shekara huɗu ya yi a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana zama da makaɗanmu, yana nazarin sarewar Fulani, har suka wallafa littafi kan wasanni da kiɗan Hausawa shi da Ziky Kofoworola a 1987. Kafin shi, Randy Weston ɗan Brooklyn ya je Legas a 1961, ƙungiyar kiɗa ta Sun Ra ma ta je can bikin FESTAC a 1977. William Parker da kansa yana kaɗa molon mafarautan Mali. Mutanen nan sun tsallaka teku sun je neman kunnenmu da hannunmu. Yau ga mu a unguwa ɗaya da 'ya'yansu da almajiransu, muna wuce juna a titi ba sallama. Zumunta a ƙafa take. Sun taka, saura mu.

Ga yadda za a yi. A shekarun nan an fi yin bikin a zauren Roulette da ke titin Atlantic a Brooklyn. Jirgi mai lamba 4 ko D daga Bronx, ko mai lamba 2 da 3 daga Harlem, zai sauke ku a tashar Barclays, sauran tafiyar ƙafa ce kaɗan. A kan titin akwai masallaci da shagunan turare da littattafai, don haka ba wanda zai ce magariba ce ta hana shi. Tun watan Mayu ku nemi jadawalin a shafin Arts for Art a intanet ku tabbatar da wuri da rana. Ku zaɓi dare ɗaya, ku nemi hutunsa a wurin aiki da wuri. Wanda aljihunsa bai kai ba, ƙungiyar kan shirya kiɗa kyauta a lambunan unguwar Lower East Side da kaka, sai ya fara daga can.

In kun zauna, ku kashe waya. Minti goman farko za su yi muku nauyi, kada ku tashi. Ku kama kayan kiɗa ɗaya da kunne, ku bi shi, ku ga wa yake ba amsa, wa ke ba shi. In an tashi, ku tsaya a teburin faifai ku sayi ko da guda ne, domin da irin wannan ciniki makaɗan nan ke biyan haya. Ku miƙa wa dattijo hannu ku gaya masa daga ina kuke.

Iyaye, ku zo da yaran da aka haifa a nan, su ga baƙar fata ɗan shekara tamanin ana miƙe masa tsaye saboda abin da ke kansa da yatsunsa. Shugabannin ƙungiyoyinmu, ku sa wannan a sanarwar taron wata, ku yanki tikiti goma a raba. Ku kuma masu kalangu da goge da gurmi da kuka jingine kayanku a bayan ƙofa sai ranar biki, ku karkaɗe musu ƙura, ku je ku saurara, ku gabatar da kanku, ku nemi a zauna tare. Waɗannan mutane ne da sana'arsu ita ce haɗuwa da muryar da ba su taɓa ji ba su ba ta amsa. Ku sa rana tun yanzu, ku kira mutum biyu, mu haɗu a bakin ƙofa.