Gyaran Gida: In Zuciyar Famfo Ta Ƙi Fita

Watan jiya famfon madafarmu ya yi ta ɗiga dare da rana. Na tashi sake masa zuciya, wato abin nan na ciki mai buɗe ruwa da rufewa. Ta ƙi motsi. Na sa ƙarfi, sai bututun ya tsage, ga shi ban rufe ruwa ba. Uwargida ba ta ce uffan ba, tsumma kawai ta miƙo mini.

Abin da ke riƙe ta shi ne farin dattin da ruwa yakan bari, wanda kan daskare kamar dutse. Tsami ne ke narkar da shi.

Da farko ku rufe ruwa daga babban makulli, ku buɗe famfon ya tsiyaye. Ku cire hannun, ku kwance notin da ya danne zuciyar da sifana. Ku jiƙa tsumma da binega ko ruwan lemun tsami, ku naɗa a wurin kamar awa ɗaya. Sa'an nan wani ya riƙe jikin famfon, ku kama zuciyar da filaya, kuna juyawa hagu da dama a hankali, kuna ja. In ta ƙi, ku sake jiƙawa. Kada ku taɓa guduma.

Ku tafi kasuwa da tsohuwar, gama girmansu ya bambanta: a famfo mai hannu ɗaya an fi samun milimita 35 ko 40. Kada ku shafa wa sabuwar baƙin mai, yana cin roba.

Mai haƙuri yakan dafa dutse. Sai wata mai zuwa.