Kada Mu Kashe Fitilar Tambaya a Zukatan Yara



A gidajenmu da yawa, idan yaro ya kwance rediyon mahaifinsa don ya ga inda murya take fitowa, sakamakonsa bulala ne, sunansa kuma maɓarnaci. Idan ya yawaita tambaya, sai a ce ya cika surutu. A ganina wannan ɗabi'a tana jawo mana babbar hasara, domin sau da yawa a irin wannan karambanin ne masanin kimiyya da injiniya suke tsirowa.

Mu dubi Ahmad Zuwail, Bamisiren da aka haifa a 1946, ya tashi a garin Dasuƙ a bakin kogin Nilu. Tun yana ɗalibi iyayensa suka liƙa takarda a ƙofar ɗakin karatunsa mai ɗauke da sunan Dakta Ahmad. A ɗakin kwanansa ya ɗauki ɗan rishon da mahaifiyarsa take dafa gahawa da shi, ya haɗa da wasu bututun gilashi, don ya ga yadda itace yake rikiɗa ya zama iska mai kamawa da wuta idan ya sha zafi. Wannan yaron ne ya karɓi kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 1999, saboda ya samo hanyar bibiyar motsin ƙwayoyin zarra da hasken leza a daidai lokacin da sinadarai suke haɗuwa ko rabuwa.

A nan gida kuma ga Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda ya taso da son zanen motoci. Ya yi karatu a Birnin Kebbi, ya wuce Amurka, ya yi aiki da kamfanin General Motors, inda ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka fara nunawa a 2007.

Wani zai ce ai waɗannan baiwa ce Allah Ya ba su. Gaskiya ne, amma baiwa iri ce, kuma iri ba ya tsiro sai ya sami ruwa da kulawa. Yara nawa ne a unguwanninmu suke ƙera motar kara da ta gwangwani, har da sitiyari mai juyawa, amma babu wanda ya taɓa zama ya tambaye su yadda suka yi?

Ba cewa nake yi a sake wa yaro kayan gida ko a bar shi da wuta shi kaɗai ba. Tarbiyya tana nan daram. Abin da nake kira gare shi shi ne a ba sha'awarsa hanya. Ya ɗan uwa, idan kana da ƙane mai kwance-kwance, nemo masa mataccen rediyo ko tsohuwar tocila, ka zauna kusa da shi. Idan ya yi tambayar da ba ka da amsarta, ku nemo ta tare.

Allah Ya albarkaci zuriyarmu, Ya ba su ilimi mai amfani. Amin.