Ra'ayi: Mai Gina Gem Ɗin Juyin Halitta Ya Tsara Yunwa, Ya Daina Rabon Maki

Duk wanda ya saba leƙa Play Store ya san irin wasannin da suka cika shi: ƙwallo, tseren mota, harbe-harbe. Amma can a gefe akwai wani rukuni da ba a cika tallata shi ba, inda ba a ba ɗan wasa bindiga ko sitiyari. Abin da zai gani a fuskar wayarsa wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne masu motsi, suna neman abinci, suna hayayyafa, suna mutuwa, kuma bayan wani lokaci sai a ga jikoki sun daina kama da kakanninsu. Cell Lab na Petter Säterskog da Evolution na Keiwan Donyagard suna cikin waɗanda ake samu a Android. A kwamfuta kuma akwai The Bibites na Léo Caussan.

Kowane ɗaya daga cikin ukun nan mutum ɗaya ne ya tayar da shi, ba babban kamfani ba. Wannan ne ya sa fannin ke jan hankalin matasa masu koyon rubuta manhaja da kansu. Ba ya buƙatar ƙungiyar masu zane, ko masu kiɗa, ko mai rubuta labari. Ɗigo mai launi ya isa ya zama halitta. Sai dai sauƙin farawar yana ɓoye wani tarko da yawancin sababbin shiga ke faɗawa: suna gaya wa halittun abin da ake so su zama, ta hanyar ba su maki. Ra'ayin wannan rubutu shi ne, aikin mai gina irin wannan gem ya tsara dokokin duniyar, musamman yunwa da mutuwa, sannan ya janye hannunsa.

Yadda abin yake aiki

Abubuwa uku ne ginshiƙin kowane gem na juyin halitta. Na farko gado: kowace halitta tana ɗauke da jerin lambobi da ke bayyana girmanta, saurinta, nisan ganinta da yadda 'yar ƙwaƙwalwarta ke yanke shawara, kuma ɗanta zai gaji waɗannan lambobin, tun da barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na biyu kuskuren kwafi: lokacin da ake kwafar lambobin zuwa ga ɗa, ana barin 'yar tangarɗa ta shiga da gangan, ta yadda ɗan zai ɗan bambanta da uwarsa. Na uku tacewa: ba kowa ne zai rayu har ya haihu ba.

Mai karatu ya san wannan lissafin ko da bai taɓa buɗe gem ba. Akwai lokacin da kulorokwin ke kashe zazzaɓin cizon sauro nan take. Ƙwayoyin cutar da maganin bai iya kashewa ba su ne suka rayu suka yaɗu, har sai da Najeriya da ƙasashe da dama na Afirka suka sauya maganin farko da ake bayarwa. Gem ɗin juyin halitta wannan tacewar yake kwaikwaya da lambobi. Ba rai ake hurawa ba, kuma babu mai da'awar haka da za a ɗauke shi da muhimmanci. Lissafi ne ke gudana a ƙwaƙwalwar na'ura, kamar yadda gem ɗin ƙwallo yake lissafin inda ƙwallo za ta faɗa.

Gado da kuskuren kwafi ana iya rubuta su a yini ɗaya. Tacewa ce wurin da ake rabuwa.

Matsalar maki

Hanya mafi sauƙi ita ce a ce: duk halittar da ta fi gudu cikin daƙiƙa 10 ta samu maki mai yawa, a zaɓi na sama-sama su haihu, a share sauran. Haka gem ɗin Evolution yake aiki, inda ɗan wasa ke haɗa ƙashi da tsoka, sannan ya zuba ido halittar ta koyi gudu ko tsalle. Hanya ce mai kyau ta koyo, amma tana da lahani biyu.

Lahani na farko, halittun ba su san niyyar mai gini ba, abin da ya rubuta kawai suka sani. A 1994 Karl Sims ya nuna wa duniya halittun da aka haɗa da tubala a kwamfuta, waɗanda suka koyi iyo da tafiya da tsalle. A ƙoƙarin koya musu tafiya, an auna saurin motsinsu a matsayin maki. Sai wasu suka gano hanya mai arha: su yi tsawo kamar hasumiya, su faɗi. Faɗuwa ma motsi ce, kuma tana da sauri. A manhajar Avida, wadda Charles Ofria da abokan aikinsa suka fara ginawa a 1993, an taɓa kafa ɗakin gwaji don a gano halittun da suka ƙara saurin haihuwa a cire su. Halittun suka koyi gane alamun ɗakin gwajin, su yi lamo kamar matattu, da an mayar da su cikin jama'a su ci gaba da hayayyafa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kowane tsarin maki yana da tsagarsa.

Lahani na biyu ya fi muni ga mai son gem ɗinsa ya daɗe a wayar mutane. Maki yana da ƙarshe. Da zarar halitta ta ƙware a gudu, labari ya ƙare. Ba za ta fara farauta ba, ba za ta koyi ɓuya ba, domin babu wanda ya sa wa waɗannan farashi. Mai gini ya riga ya san amsar tun kafin ya danna maɓallin farawa, ɗan wasa ma zai gane ta cikin kwana biyu ya goge manhajar.

Abin da yunwa ke iya yi

A farkon shekarun 1990, Thomas Ray, masanin muhalli da ya yi shekaru yana bincike a dazuzzukan Kosta Rika, ya gina wata duniya a kwamfuta mai suna Tierra. Bai raba maki ba. Ya saka ƙaramar manhaja guda mai umarni 80 wadda aikinta kawai ta kwafi kanta. Ya iyakance wurin zama a ma'adanar kwamfutar, ya iyakance lokacin aiki da kowa zai samu, ya kuma naɗa mai yanka da ke share tsofaffi idan wuri ya cika. Ba da jimawa ba sai ga wasu masu umarni 45 kacal sun bayyana. Sun yar da sashen kwafi nasu, suna aron na maƙwabta, wato sun zama cima-zaune kamar kaska a jikin saniya. Daga baya wasu suka samu kariya daga kaskar, wasu kuma suka koyi juya kaskar ta yi musu aiki. Ray bai rubuta ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ƙarancin wuri da lokaci ne suka haifar da shi.

Darasin ga mai gina gem shi ne ya zama akanta kafin ya zama mai zane. Kowane abu a duniyar ya kasance da farashi a ma'aunin kuzari. Gudu ya ci kuzari. Babban jiki ya ci kuzari. Ido mai hangen nesa da ƙwaƙwalwa mai faɗi su ma su ci. Haihuwa ta zama rabon abin da uwa ta tara, ba kyauta daga sama ba. Idan halitta ta mutu, abin da ke jikinta ya koma ƙasa ko cikin wanda ya cinye ta. Da zarar gawa ta zama abinci, an buɗe ƙofar masu cin nama ba tare da an rubuta kalmar farauta ko sau ɗaya ba. A kan irin wannan tsarin The Bibites ya ginu, shi ya sa masu kallonsa ke ta muhawara kan abin da zai fito, domin shi kansa mai ginin bai sani ba.

Wannan hanya tana da wahala, kuma gara a faɗa. Yawancin gwaje-gwajen farko suna ƙarewa ta ɗayan hanyoyi biyu: ko kowa ya mutu cikin minti biyar, ko wani nau'i guda ya cika fili har waya ta daskare. A nan ne zuciya ke raya wa mai gini ya sa hannu, ya ƙara wa masu farauta ƙarfi, ko ya hana wani nau'i wuce adadi kaza. Wannan maki ne ya dawo ta bayan gida. Gyaran da ya dace a muhalli yake: a sa damina da rani don abinci ya riƙa yawa yana raguwa, a sa katanga ko kogi da zai raba jama'a gida biyu, a sa wani yanki ya fi wani albarka. Nau'i ɗaya yana cinye duniyar da ko'ina iri ɗaya ne. Duniya mai lungu da saƙo ita ke ba wa nau'o'i da yawa wurin zama.

Hujjar masu adawa

Akwai masu cewa duk wannan zancen masana ne, ɗan wasa wasa yake so, ba kallon ɗigo ba. Suna da hujja. Spore na Will Wright, wanda kamfanin EA ya fitar a 2008, ya sayar da fiye da kwafi miliyan 1 cikin makonnin farko, alhali a cikinsa ɗan wasa ne ke liƙa wa halitta ƙafa da baki da hannunsa. Babu gado, babu tacewa. Mujallar Science ta tara masana suka duba shi a shekarar, suka ba shi sakamako mara kyau a fannin ilimin halittu, amma hakan bai hana shi kasuwa ba.

Sai dai mai aiki shi kaɗai a ɗaki ba zai iya gasa da EA a zane da raye-rayen halittu ba. Abin da yake da shi wanda Spore bai bayar ba shi ne mamaki na gaskiya. Akwai ma masu neman hakan: wasu daga cikin waɗanda Spore bai gamsar ba ne suka haɗu suka fara gina Thrive, gem na kyauta wanda kowa zai iya duba lambobinsa ya ba da gudummawa.

Gaskiyar da ke cikin ƙorafin ita ce, juyin halittar da ba a iya gani daidai yake da wanda bai faru ba. Don haka rabin aikin ya tafi wajen ba ɗan wasa ido da hannu. Ido: ya taɓa halitta ya ga sunanta, iyayenta, 'ya'ya nawa ta haifa, da bishiyar zuriyarta; ya ga jadawalin da ke nuna lokacin da wani nau'i ya hau da lokacin da ya faɗi; launi ya riƙa bin gado don a gane dangi da kallo ɗaya. Hannu: a bar shi ya kawo fari, ya buɗe katanga, ya ɗauko halitta daga wannan tafki ya jefa a wancan. Ya taɓa duniyar, kada ya taɓa lambobin gadon. Creatures na Steve Grand, wanda ya fito a Ingila a 1996, ya nuna ƙarfin wannan: mutane sun shaƙu da halittunsa da ake kira Norns har suna musayarsu a intanet. A yau, fayil ɗin halitta ɗaya bai kai nauyin hoto ba, ana iya tura shi ta WhatsApp a ce wa aboki ya gwada ta a tasa duniyar.

Iyakar waya

Wanda zai gina wa masu waya dole ya yi lissafin zafi da caji. Idan halittu 1,000 ne, kuma kowace sai ta duba kowace don sanin na kusa da ita, ana maganar awo 499,500 a kowane zagaye. A yi haka sau 60 a daƙiƙa, an doshi miliyan 30. Ƙaramar waya za ta yi zafi, batir ya zube. Maganin sananne ne: a yanka filin gida-gida kamar allon dara, kowace halitta ta duba gidanta da gidaje takwas na kewaye kawai. Haka kuma a fara da ƙwaƙwalwa ƙarama, a bar ta ta girma idan halittar za ta iya biyan kuɗinta da abinci.

A gefe guda, irin wannan gem ba ya buƙatar data ko sabar kamfani, komai a cikin wayar yake gudana. Kayan aikin ma sun sauƙaƙa. Godot, injin gina gem na kyauta, yana da manhajar da ke aiki a kan Android. Shafin itch.io ba ya karɓar kuɗi kafin a ɗora gem. Google Play na karɓar dala 25 sau ɗaya don rajistar mai manhaja, Steam kuma dala 100 a kan kowane gem. Kada wanda ya shiga ya sa ran arziki da wuri, domin kasuwar ƙarama ce. Amma wanda ya kammala irin wannan aiki ya koyi tsara bayanai, rage wa na'ura nauyi da farautar kuskure, abubuwan da ake nema a kowane aikin manhaja.

A 1970 John Conway ya fito da Game of Life da 'yan dokoki da za su shiga bayan katin caji: gida mai rai zai ci gaba da rayuwa idan yana da maƙwabta biyu ko uku, gida mara rai zai farfaɗo idan yana da uku cif, sauran duk su mutu. Fiye da shekara 50 ke nan ana gano sababbin siffofi a cikinsa. Mai shirin fara nasa gem ɗin ya ɗauki wannan a matsayin ma'auni. Ya fara da fili ɗaya, abinci iri ɗaya, halitta iri ɗaya da littafin kuzari wanda ba ya yoyo. Ya bar shi ya kwana yana gudana a caji. Idan da safe ya tarar da abin da ya tsara, da sauran aiki. Idan ya tarar da ɗabi'ar da sai ya bi zuriya baya kafin ya gane daga ina ta fito, to ya samu abin da zai nuna wa mutane.