Kukan da na ɓoye, ƙwallo ta tona



Wannan makon ba zancen farashin albasa zan yi ba, ba kuma na wahalar kan iyaka ba. Wata magana ce da na daɗe ina jin nauyinta, don ko abokan kasuwata ba su taɓa jin ta daga bakina ba. Ni ɗin nan da kuke karantawa, magidanci mai iyali, na taɓa zama a kan benci a gidan kallo na yi kuka wiwi, kuma ƙwallon ƙafa ce sila.

Ranar Juma'a ce, 2 ga Yuli, 2010. Gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu, Ghana da Uruguay, wasan kusa da na kusa da na ƙarshe. Ƙasashen Afirka shida suka shiga gasar, biyar sun koma gida, saura Ghana kaɗai. Kamaru ta kai wannan matakin a 1990, Senegal ta kai a 2002, amma har lokacin babu ƙasar Afirka da ta taɓa haye shi. A unguwarmu Aboabo, nan Kumasi, tun la'asar aka fara rufe shaguna. An take wasa dab da magariba, na tabbata a ranar limamai da yawa gajerun surori suka karanta.

Ana shirin tafiya hutun rabin lokaci Sulley Muntari ya ɗirka wata ƙwallo daga nesa, ta shige. Rufin kwanon gidan kallon nan kamar zai tashi. Bayan an dawo Diego Forlan ya farke da bugun tazara. Aka tafi ƙarin lokaci. A minti na ƙarshe Dominic Adiyiah ya sa kai, ƙwallo ta nufi raga babu makawa, sai Luis Suarez ya sa hannu ya kaɗe ta a kan layi, shi da ba gola ba. Alƙalin wasa ya ba shi jan kati, ya ba Ghana fenareti. Asamoah Gyan ya ajiye ƙwallo, mutumin da ya riga ya ci fenareti biyu a wannan gasar. Ya buga, ta daki ƙarfen sama ta yi waje. Da aka zo bugun raba gardama, shi ya fara fitowa wa Ghana, kuma ya ci, amma John Mensah da Adiyiah suka ɓarar. Uruguay ta wuce da 4 da 2.

Talabijin ta nuno Gyan yana kuka, abokansa na riƙe da shi. Nan fa na ji wani abu ya taso mini daga ciki ya tokare maƙogwaro. Na yi ƙoƙarin haɗiye shi, ya ƙi. Na ja hula na rufe fuska, kafaɗuna na rawa. Wani dattijo mai sayar da goro da ke gefena ya dafa ni, ya ce, "Yi haƙuri Malam, wasa ne." Da na ɗago na dube shi, shi ma gemunsa ya jiƙe sharkaf.

To ga abin mamakin. Ni ba haifaffen Ghana ba ne. Daga ƙasar Kano na zo da ƙuruciyata, kuma Super Eagles nake goyon baya tun ina yaro. Ban sa ko sisi a caca ba. Gyan bai san da zamana a duniya ba. Me ya kai ni wannan kukan?

Sai da na kwanta a daren na gane. Shekara guda kafin nan, ina tsaye a kasuwa ana sauke buhunan albasa, aka kira ni a waya daga gida aka ce Allah ya yi wa mahaifina rasuwa, kuma za a kai shi kafin azahar. Tsakanin Kumasi da garinmu tafiyar kwanaki ce a mota. Na yi salati, na mayar da waya aljihu, na ci gaba da ƙirga buhu, don direba na jiran kuɗinsa. Kwana uku na zauna a ƙofar masallacin unguwa ina karɓar gaisuwa, idona ƙamas. Mutane har yabona suka riƙa yi, wai ga mai tawakkali. Ashe kukan yana nan, ajiye shi kawai na yi, kamar bashin da aka ɗaga wa lokaci. Da ya samu ƙofa a buɗe, bai tambayi ko ta wane ce ba.

Mu duba yadda aka rene mu. Yaro ya faɗi ya kurje gwiwa, abin da zai fara ji shi ne, "Kai, namiji ba ya kuka." Ɗan kaciyar da ya daure shi ake yaba wa. Ka girma ka shiga kasuwa, nan kuma abin ya fi tsanani, don fuskar ɗan kasuwa ma jari ce. Ranar da motar kayanka ta kife a hanya, ko albasa ta ruɓe maka a kan iyaka, dole ka fito da fara'a, in ba haka ba masu bin ka bashi su taso maka tun kafin ka numfasa. Ga zaman baƙunci. Ana haihuwa a gida ba ka nan, ana aure ba ka nan, ana mutuwa ba ka nan. Kowanne ka haɗiye. Shekara ashirin, talatin, mutum na haɗiya.

Sai ga gidan kallo. Fitila a kashe, kowa idonsa na kan allo, ba mai kallon fuskarka. In ka yi ihu, ɗari na yi tare da kai. In hawaye ya zo, akwai dalilin da za ka nuna wanda ba zai tona maka asiri ba, ka ce ai Gyan ne ya ɓarar. Ban san wani wuri a rayuwar magidanci Bahaushe da aka yi masa irin wannan rangwamen ba. Shi ya sa in na ga ƙato yana share ido bayan an tashi wasa, ba na dariya. Kukan kurciya jawabi ne. Allah kaɗai ya san abin da yake wa kuka, mai yiwuwa shi kansa bai sani ba.

Akwai kuma wani abu da sai baƙo ke ganewa. Dattawan zango har yau suna ba da labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Ghana. Wannan tsoron bai gama fita daga jinin zango ba. Amma a daren wasan nan, Asante da Bahaushe da Mosi da Dagomba benci ɗaya muka zauna, addu'a ɗaya muke yi, ba wanda ya tambayi takardar wani. Na awa biyu da rabi ni ɗan gari ne. Da ƙwallo ta daki ƙarfen nan, har da wannan ya tafi.

Kada dai a ce na ce duk abin da ƙwallo ke tayarwa alheri ne. Abin da ya taru a ƙirji, in bai fito ta ido ba, yana neman wata hanyar.

Wani lokaci ta hannu yake fitowa. Duk wanda ke Ghana a 2001 bai manta 9 ga Mayu ba. Hearts of Oak da Asante Kotoko a filin wasa na Accra. Kotoko na gaba, Hearts ta zura biyu a ƙarshe-ƙarshen wasa. Wasu magoya baya suka fusata suka fara ɓalle kujeru suna jifa cikin fili. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin jama'a, mutane suka ruga neman hanyar fita, suka tarar da ƙofofi a rufe. Mutum 126 suka rasu a turmutsitsin. Waɗanda suka yi jifan ba su ne suka rufe ƙofa ba, ba su ne suka harba hayaƙi ba, amma daga fushin minti kaɗan abin ya faro, kuma akasarin waɗanda suka mutu kallo kawai suka je.

Wani lokaci kuma zuciyar ce ke ɗaukar nauyin. A gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddebuwa, ranar 7 ga Fabrairu, 2024, Najeriya ta kara da Afirka ta Kudu a Bouaké. Osimhen ya zura ƙwallon da za ta rufe wasa, aka soke ta, aka dawo aka ba Afirka ta Kudu fenareti ana dab da tashi. Najeriya ta yi nasara a bugun raba gardama, amma washegari jaridu suka cika da labarin magidantan da suka yanke jiki suka faɗi suna kallo, ba su tashi ba. Wannan ba sabon abu ba ne a wurin likitoci. A gasar kofin duniya ta 2006, likitocin birnin Munich sun ƙirga masu ciwon zuciya da aka kawo cikin gaggawa, suka ga a ranakun da Jamus ke wasa adadin ya ninka fiye da sau biyu, kuma maza abin ya fi shafa. Mu da muka haura hamsin, ga hawan jini, ga goro, ga rashin barcin hanya, wannan hannunka mai sanda ne.

Ni nawa ta baki ya fito, kuma shi ne abin da na fi jin kunyarsa.

A watan Maris na 2022 aka haɗa Ghana da Najeriya, wadda ta yi nasara ta tafi Qatar. Wasan farko a nan Kumasi, filin Baba Yara, aka tashi babu ci. Na biyu a Abuja ranar 29 ga wata. A gida muka kalla, ni da ɗana na fari, wanda a Kumasi aka yanke masa cibiya. Thomas Partey ya ci wa Ghana da wuri, Troost-Ekong ya farke da fenareti, aka tashi 1 da 1, Ghana ta wuce saboda ƙwallon da ta ci a waje. A Abuja magoya baya suka afka cikin fili suna farfasa kaya. A falona kuma yaron nan ya daka tsalle, yana ihu har da hawayensa. Raina ya ɓaci. Ban san lokacin da na ce masa, "Kai wai ɗan ina ne? Ka manta gidan ubanka?"

Ya yi tsit. Ya share fuska, ya fita. Uwarsa ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, kai ka kawo mu nan fa." Ba ta ƙara ko kalma ba.

Bayan isha'i ya dawo, ya durƙusa a bakin ƙofa. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Amma ni a wurinka na koya. Ranar wasan Uruguay ina kusa da kai a gidan kallo, na ga kana kuka saboda Ghana. Tun ranar na ɗauka mu 'yan Ghana ne."

Shekararsa bakwai a lokacin. Wallahi na manta ma da shi na je. Shekara goma sha biyu yaro na ɗauke da hawayena, ya yi musu fassarar da ya iya, don ban taɓa gaya masa ta gaskiya ba. Na ce ya shigo ya zauna. A daren na ba shi labarin kakansa, yadda ya sayar da ɗan maraƙinsa ya ba ni jarin farko, yadda ya raka ni tasha bai ce komai ba sai "Ka riƙe amana," da yadda aka binne shi ina ƙirga buhu a ƙasar wasu. Na yi kuka a gabansa, babu talabijin, babu hular rufe fuska. Bai raina ni ba. Da babbar sallar shekarar muka tafi gida tare, na nuna masa kabarin.

Don haka ga abin da zan roƙi 'yan uwana. In yaronka ya yi kuka don ƙungiyarsa ta sha kashi, kada ka ce masa ragon namiji, kada kuma ka tuhume shi don ya so ƙasar da ya buɗe ido a cikinta. Ka zauna kusa da shi har ya huce. In kai ne abin ya taɓa, ka bar shi ya zubo, ya fi ka shigo da shi gida ka sauke a kan mai ɗakinka saboda gishiri ya yi yawa a miya. In kana shan maganin hawan jini, kada ka tsallake shi ranar babban wasa, in aka zo fenareti ka ji ƙirjinka na ɗaurewa, ka tashi ka fita, in bai saki ba a nufi asibiti, kada a tsaya shafa mai. In ka je fili, ka lura da ƙofar fita tun kafin ka zauna, in ka ga an fara jifa ka kama hannun yaronka ku bar wurin.

Abu na ƙarshe, kada mu bari ƙwallo ta zama ita kaɗai ce ƙofar. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuma babu namijin da ya kai shi. In an yi maka rasuwa kana nesa, ka samu amininka ko iyalinka ka yi kukanka a kan lokaci. Kada ka jira wani ɗan wasa ya ɓarar da fenareti.

Ni da yaron har yanzu muna kallo tare. In Ghana na wasa da wata ƙasa, bakinmu ɗaya. In da Najeriya ce, kowa da kujerarsa, kuma wanda aka ci shi ke sayen tsire.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya tsare mana hanya, ya sa albarka a kasuwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.