A Fara Jeren Ɗaki Daga Zanen Gado

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar jeren ɗakin amarya. Wani zai ce ina ruwan 'yan makaranta da wannan? To, ruwanmu ne ƙwarai. Mu 'yan mata da yawanmu nan da 'yan shekaru kaɗan za a yi mana jere, ku kuma samari ku ne za a tasa a gaba a ce ku kawo gudummawar gadon ƙanwarku. Ra'ayina shi ne, kyan ɗaki yana ga dacewar kayan cikinsa da juna. Hanya mafi sauƙi kuwa ta samun wannan dacewa ita ce a zaɓi zanen gado guda mai launi kwantacce, sa'an nan a bi shi da sauran kaya gwargwadon hali.

Jere dai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tsofaffi suna ba mu labari cewa a zamanin kakanninsu ƙorai ake jerawa, a wanke su fes, a ɗora ƙarama kan babba, a rufe da faifai. Gadon kuwa na kara ne, ko na ƙasa wanda ake sa wa garwashi a ƙarƙashi lokacin sanyi. Daga nan aka shiga zamanin tasa, sai na kwanoni irin su fanteka da langa da kumbo, da gadon ƙarfe mai rumfa. Bayan wannan sai kabet cike da tangaran ya zo, da gadon katako. Kowane zamani da yayinsa, amma akwai abin lura a nan. Ƙwarya a gonarmu take fitowa, karan gado ma haka. Kayan yau kuwa kusan duka sai an sa kuɗi masu nauyi an sayo su daga Kano ko Katsina, wasu ma daga ƙasashen waje ake shigo da su.

Yanzu a Kankiya ko Kusada in an ce za a yi wa yarinya jere, ana nufin gado da katifa, da sif, da madubi, da kujeru, da kafet, da labule ninki biyu, ga kayan kicin, ga kuma gara tana jira. Tun daga watan Mayu na 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da farashin kaya suka yi tashin gwauron zabo, amma yawan abin da 'yan ganin ɗaki suke ƙirgawa bai ragu ba ko da cokali ɗaya. Wa zai biya? Mafi yawan iyayenmu manoma ne da 'yan kasuwa da ƙananan ma'aikata. Sai ka ga uba ya kai shanun hudarsa kasuwar Charanchi, ko ya ba da jinginar gona. Uwa kuma ta shiga adashi biyu ko uku, ta kwashe, ta shekara tana zubi. Wani lokaci kuɗin jarrabawar ƙanne ne yake tafiya a labule. Ga kuma 'yan mata da aka sa musu rana ana ta ɗagawa, ba don kome ba sai don gado bai samu ba.

Kada a ɗauka ƙaramin al'amari ne. A jihar Kano, tun shekarar 2012 gwamnati ta fara ɗaurin auren zawarawa tare da Hukumar Hisba, kuma cikin abin da take bayarwa har da gado da katifa. A watan Oktoba na 2023 ma an ɗaura auren mutum 1,800 da amarensu a irin wannan tsari. In har hukuma za ta sayi gado don aure ya yiwu, ashe kayan ɗaki sun zama kandagarki ke nan a ƙofar aure.

Bari in kawo misali daga gidanmu. Lokacin bikin yayata a Kusada, mahaifinmu ya faɗi iyakar abin da zai iya, ya ce ba zai ci bashi ba. Gwaggonmu ta je Kantin Kwari ta sayo zanen gado na auduga guda biyu, launinsu kore mai toka-toka, kamar ganyen tumfafiya. Da wannan zane a hannu aka zaɓi kome. Aka shafe bango da farar ƙasa. Aka sayo yadi mara nauyi, launin madara, tela ya ɗinka labule, ya yi masa baki da ragowar koren yadi. Rigunan matasai biyu kore, biyu ruwan ƙasa. A ƙasa aka shimfiɗa leda marar zane, aka ɗora tabarmar kaba. A bango kuma aka maƙala faya-fayai uku saƙar kakarmu. Shi ke nan. Ranar ganin ɗaki wasu sun taɓe baki, wasu kuwa da suka zauna sai suka ƙi tashi, suna cewa ɗakin akwai sanyi.

Ina da dalilai huɗu da suka sa nake ganin wannan hanya ta fi.

Na farko, gado shi ne abu mafi girma a ɗaki, shi ido yake fara sauka a kai. In zanensa ja ne wur, labule ruwan ɗorawa, kafet shuɗi, kujera kuma da furanni, sai ɗakin ya zama kamar rumfar mai sayar da atamfa, kowane launi yana kokawa da ɗan'uwansa. Amma kore mai toka-toka ba ya faɗa da kowa. Yana tafiya da fari, da ruwan ƙasa, da launin katako, da na kaba. Duk wanda ya dubi gawo da rani, ga ganyensa ga jar ƙasa a gindinsa, ya san Allah Ya riga Ya haɗa waɗannan launuka.

Na biyu, yanayin garinmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana busa ƙura ta kowace kafa. Farin zane kwana biyu ya yi jirwaye, baƙi kuma ƙura ta yi masa fari-fari. Mai toka-toka ya fi su jurewa, ga sauƙin wanki, abin da duk wadda ta taɓa sayen ruwa a wurin 'yan garuwa za ta yaba. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi ne. Zanen roba mai sheƙi ba ya shan gumi, na auduga kuwa yana sha. Abin mamaki, ana noma audugar nan a jiharmu, wajen Funtuwa da Malumfashi, mu kuwa muna rububin na roba.

Na uku, lafiya. Ɗakin da aka cushe da kaya ba ya sharuwa. Bayan sif da ƙarƙashin kujera nan ne gidan kyankyaso da ɓera, labule mai kauri kuma maɓoyar sauro ce da damina. Na sha ganin ɗakin da aka ƙi ɗaura gidan sauro wai don kada ya ɓata ado. Ina amfanin adon da zai kai jariri asibiti?

Na huɗu, kuɗi. Wanda ya shiga kasuwa da launi guda a ransa ya san abin da ya je saye, ba ya kwaso duk abin da ya ɗauki idonsa. Abin da ya rage sai a saya wa amarya keken ɗinki, ko tunkiya biyu, ko a biya mata kuɗin ci gaba da karatu.

Na san iyayenmu mata suna da tasu hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa kayan ɗaki dukiyar mace ce, ran da ta shiga matsi za ta ɗaga ta sayar, kuma su ne mutuncinta a idon dangin miji da kishiya. Gaskiya ne tasa da kwano a da ajiya ne, don ba sa lalacewa. Amma a tambayi dillalai nawa suke sayen kujerar da ta shekara ɗaya. Ko rabin kuɗinta da wuya a samu. Tunkiya kuwa haihuwa take yi. Game da mutunci, malamanmu na Islamiyya suna koya mana cewa kayan ɗakin Nana Faɗima, Allah Ya ƙara mata yarda, ba su wuce shimfiɗa da matashin fata da salkar ruwa da 'yan abubuwa kaɗan ba, alhali kuwa babu macen da za ta ce ta fi ta daraja. Hausawa ma sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana 'yan mata, kada mu tsaya gaban iyayenmu mu ce sai irin gadon wance. Tun yanzu mu koyi gyara, ko a ɗakin kwananmu na gida ko na makaranta: zane guda wankakke, a ja shi ya miƙe, a share ƙasa, a buɗe taga. Ku kuma samari, in lokacinku ya zo ku hana 'yan'uwanku mata zuwa ƙirga kwanonin amarya. Iyayenmu, mai hali ya yi daidai halinsa, marar hali kuma kada a zunɗe shi. Daidai ruwa, daidai tsaki.