Kanal 10 ba ta san kalangu ba: magana ga masu sutudiyo na Tawa

 Yau da matasanmu masu haɗa kiɗa a kwamfuta za mu yi magana, kuma ba za mu rufe ta ba.

Mu da ke aikin rediyo, kusan kullum ana aiko muna kiɗan talla, na biki, na waƙar ƴan kokowa. Sai ka buɗe, maimakon ganga ka ji piyano na buga nota guda, tin tin tin, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. In ka kira mai aikin sai ya ce: “Wallahi a wajena lafiya lau yake, injinku ne.” To, ba injinmu ba ne. Rashin sanin aiki ne.

MIDI, wanda anka fito da shi a 1983, ba ya ɗauke da sauti ko ƙanƙane. Umarni ne kawai: buga nota kaza, da ƙarfi kaza, a lokaci kaza. Na’urar da ta karɓa ita ke zaɓen muryar da za ta sa. Hanyoyi 16 gare shi, waɗanda muke ce ma kanal. A 1991 kamfanoni sunka yi yarjejeniyar General MIDI, sunka ware kanal ta 10 domin ganguna. Duk ƙidar da ka bari a kanal ta 1 ba ka zaɓa mata murya ba, piyano za ta zama, don shi ne murya ta farko a jerin.

Kuma kanal 10 ita kaɗai ba ta isa. A can kowace nota da gangarta: 36 babbar ganga ta ƙafa, 38 ƙaramar ganga mai tsaki, 42 faifan ƙarfe a rufe. Masu aiki da FL Studio su lura: duk bugun da kuka jera a akwatunan nan, kan nota 60 yake zama, wato “do” na tsakiya. Ka tura shi haka kanal 10, komi ya koma bongo. Sai ka mai da kowane bugu lambarsa. In kuwa rediyo za ka aika ma, ko mai biki, mi ya kai ka ga MIDI tun farko? Fitar da shi WAV ko MP3, abin da ka ji shi kowa zai ji. MIDI na tsakanin mai sutudiyo da mai sutudiyo ne.

Wanga duka gyaran minti biyar ne. Abin da ya fi ci muna rai yana gaba.

Ku ƙirga jerin gangunan General MIDI, daga 35 zuwa 81, sauti 47. Akwai konga, akwai bongo, akwai marakas, kayan kiɗan Kuba da Barazil sun samu wuri. Babu kalangu. Babu duma, babu ƙwaryar mata, babu tinde na ƴan uwanmu Buzaye. Ba mu ga laifin waɗanda sunka tsara shi ba, kasuwarsu sunka duba. Laifin namu ne, da munka ɗauki jerin wasu munka mai da shi iyakar kiɗanmu. Yanzu waƙar amarya daga Tawa, da ta Kano, da ta Maraɗi, duk bugu guda ne na piyanon Yamaha. Ka rufe ido ba ka sanin ƙasar da kake.

Kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata, murya ta hau, ya saki ta sauka, har mahauci ya ji kirarinsa ba a buɗe baki ba. Nota a kanal 10 bugu guda ce da ba ta lanƙwasa. Wanda ya sa konga a madadin kalangu ya ce ai duk ganga ce, daidai yake da wanda ya ba ka ruwan gari ya ce hura ce.

Mun san amsarku: “Makaɗi kuɗi yake so, mai waƙa kuwa jikka nawa yake biya?” Gaskiya ne, kuma ba mu ce a jefar da na’ura ba. Mdou Moctar, ɗan jiharmu, a Sakkwato ya ɗauki faifansa Anar a 2008, da gangar na’ura da gyaran murya irin na waƙoƙin fim ɗin Hausa. Ta salula da katin memuwar waƙoƙin sunka bi Sahara, kafin duniya ta san shi. Amma ku duba, da ya hau manyan dandamali a Turai da Amurka, da mai ganga na jini da tsoka ya hau.

Ga abin da muke kira gare shi. Ku gayyato makaɗan unguwa sutudiyo, ku ɗauki bugunsu ɗaya bayan ɗaya, mai tauri da mai laushi, mai hawa da mai sauka, ku jera su kan notocinku, ku samu kayan kiɗan Adar na kanku. Ku biya su, ku ambaci sunansu a waƙar, don wanda ya ɗauki hannun dattijo kyauta yana sayarwa shekara goma, sata ya yi. Inda waƙa ke son kirari kuwa, ku bar makaɗin ya buga da kansa. Masu biki da ƴan siyasa da ke ba da aikin, ku ƙara kuɗin makaɗi cikin lissafi. Mu ma gidajen rediyo, mu riƙa ba irin wannan aiki fifiko a shirye-shiryenmu.

A garin nan anka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, nan kuma anka buɗe gasar kiɗa mai sunan Ɗan Gurmu a 1987. Abin kunya ne a ce garin da ya yi wannan, ɗiyansa ba su da ganga sai wadda kamfani ya ajiye musu a lamba 36. Makaɗanmu na tsufa, ɗiyansu da yawa sun tafi bida Abijan da Libiya. Wanda ba a ɗauki bugunsa bana ba, wa ya san baɗi?

Allah shi ba mu ikon gyarawa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.