Zomon da Aka Dandaƙe, Me Ya Sa Bai Daina Hawa Ba?

Wanda ya taso cikin kiwon awaki ya san abin da dandaƙa take yi: bunsuru ya zama taure, ya yi ƙiba, ya rage bin akuyoyi. Da wannan tsammanin ne masu ajiye zomo a gida don sha'awa suke kai nasu wurin likitan dabbobi. Bayan watanni sai su tarar da shi a bayan abokiyar zamansa kamar ba a taɓa shi ba, su zargi likita, su raba keji. Sau da yawa likita ya yi aikinsa daidai, kuma rabawar ce take jawo ɓarna.

Akwai lokacin da rabawa ta zama dole. Namiji yakan iya ba da ciki har kusan mako 6 bayan an cire masa maraina, domin sauran maniyyi yana nan a cikin hanyoyinsa, sinadaran sha'awa kuma a hankali suke barin jini. Zomanya ba ta jiran wani lokaci kafin ta saki ƙwai. Barbarar ce da kanta take sa ta sake shi, cikin kuwa kwana 31 ne ko kusa da haka. Saboda haka a waɗannan makonni a ajiye su keji kusa da keji, suna ganin juna, suna jin ƙanshin juna, ba tare da sun haɗu ba.

Bayan wannan wa'adi, yawancin hawan da ake gani batun matsayi ne. Zomon gida ya samo asali daga zomon daji na yankin Sifen da Fotugal, wanda yake rayuwa cikin jama'a a ramuka, kowa ya san na gaba da shi. Hawa ɗaya ne daga cikin hanyoyin da suke tantance wannan tsari, shi ya sa mace takan hau namiji, mace ta hau mace. Idan mai su ya yi ta shiga tsakani duk sanda ɗaya ya ɗora ƙafa a kan ɗaya, maganar ba ta ƙarewa. Duk ranar da aka sake haɗa su, daga farko za su soma, wani lokaci da cizo. Zomo, duk da sanyin fuskarsa, yana yin faɗan da ke yaga kunne. Gara a bar su na ɗan lokaci idan na ƙasa ya kwanta ya haƙura, a sa ido kawai.

Inda ya kamata a sa hannu a fili yake. Idan hawan ta wajen kai ne, a janye na sama nan take, domin na ƙasa yana iya cizon al'aurarsa. Haka nan idan suka fara zagaya juna da sauri, kunnuwa a kwance, wutsiya a ɗage. A ture da tsintsiya mai laushi ko kwali, kada a sa hannu tsirara. Sarari ma magani ne: ƙaramin keji ba ya barin wanda ya gaji ya kauce, don haka a tanadi maɓoya mai ƙofa biyu, da wurin ci biyu.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne macen. Mutane sukan dandaƙe namiji su ƙyale ta, saboda aikinta ya fi tsada da wuya. Amma hawan dandaƙaƙƙen namiji yana iya sa ta saki ƙwai, ta shiga cikin ƙarya na sama da mako biyu, tana tsige gashin ƙirjinta tana haɗa sheƙa, tana kai wa kowa hari. Ga kuma sankarar mahaifa, wadda ta yawaita ƙwarai a zomayen da suka haura shekara 4 ba a cire musu mahaifa ba.

Zomon da ya shekara da shekaru a natse, sannan kwatsam ya koma hawa da fesa fitsari, nasa daban ne. Wasu ƙananan gaɓoɓi da ke kusa da ƙoda suna iya fitar da sinadaran sha'awa idan suka kamu da cuta, kuma wannan likita ne zai duba shi.